Yadda Ɗan Koyo Zai Haɗa Manhajar da Ke Mayar da Maganar Hausa Rubutu

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi 'yan watanni suna koyon Python sukan yi sha'awar haɗa manhajar da za a yi wa magana ta rubuta abin da aka faɗa, kuma sukan ɗauka aikin mako guda ne. Ya kamata a san nauyin abin tun kafin a ɗauke shi. A shekarar 1952 injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka ƙera na'urar Audrey, wadda iyakar abin da take ganewa shi ne lambobi daga sifili zuwa tara, shi ma sai an daidaita ta da muryar mai maganar. Sai a 1997 aka fitar da Dragon NaturallySpeaking, manhajar da mutum zai iya yi wa magana a jere ba tare da ya tsaya bayan kowace kalma ba. Shekara 45 ke nan manyan cibiyoyi masu kuɗi da ƙwararru suna fama da matsalar. Saboda haka ɗan koyo ba zai fara gini daga tushe ba. Zai ɗauko samfurin da aka riga aka koya wa sauraren harsuna da yawa, ya ƙara masa horo da Hausa. Layukan umarnin da wannan aiki ke bukata ba su da yawa. Inda gumi yake shi ne tara murya mai kyau, da daidaita rubutunta, da auna sakamako ba tare da mutum ya yaudari kansa ba.

Kayan aiki

Kana bukatar kwamfuta mai ma'adanar wucin gadi, wato RAM, ta gigabait 8 aƙalla, da sararin ajiya na gigabait 30 ko fiye da babu komai a cikinsa. Ka saka Python 3.10 ko wanda ya fi shi sabunta, da ffmpeg don sauya fayilolin sauti, da Audacity don saurare da yanka su. Daga cikin ɗakunan karatun Python za ka bukaci openai-whisper, da transformers da datasets na Hugging Face, dandalin intanet da ake ajiye samfura da kundaye, da jiwer don lissafin kuskure. Horarwa tana bukatar GPU, wato na'urar da ke yin lissafi mai yawa a lokaci guda, wadda yawancin kwamfutocin ɗalibai ba su da ita, don haka ka buɗe asusu a Google Colab ko Kaggle, inda ake ba da aronta kyauta na ƙayyadadden lokaci. Sai abin saurare na kunne mai kyau, da wayar da za a ɗauki murya da ita, da allon rubutu mai haruffan ɓ, ɗ da ƙ. Gboard yana da na Hausa a waya, a kwamfuta kuma ana iya amfani da Keyman.

Ta fuskar ilimi, ya isa ka iya karanta fayil, ka zagaya cikin jeri, ka rubuta ƙaramin aiki mai karɓa da mayarwa, kuma ka iya karanta saƙon kuskure har ƙarshensa ba tare da ka firgita ba. Zurfin lissafi ba sharaɗi ba ne a wannan mataki. Kunnen da ya san Hausa da hannun da ya san ƙa'idar rubutunta sun fi shi amfani a nan.

1. Taƙaita aikin

Ka rubuta jimla guda da ke bayyana wanda zai yi magana, da inda zai yi ta, da abin da zai yi magana a kai. Manhajar da za ta rubuta labaran da mai gabatarwa ke karantawa a ɗakin watsa shirye-shirye daban take da wadda za ta rubuta saƙon muryar da manomi ya turo daga gona iska tana kaɗawa, kuma dukansu sun fi sauƙi a kan hirar mutum uku da ke katse juna a bakin kasuwa. Ɗan koyo ya zaɓi mai magana guda a lokaci guda, a wuri marar hayaniya sosai, a kan fage guda, misali tambayoyin noma ko farashin kaya. Ka kuma ajiye burin rubuta magana nan take tana fita daga baki. Ka fara da fayil ɗin da aka riga aka naɗa, domin rubutun nan take yana da nasa matsalolin da za su shagaltar da kai daga ainihin aikin.

Idan abin da kake so shi ne na'ura ta gane umarni kaɗan, kamar “kunna”, “kashe”, “tsaya” da “ci gaba”, to ba ka bukatar dukan wannan hanya. Ƙaramin samfuri mai rarrabe sauti na daƙiƙa guda zai wadatar, irin wanda ake koyarwa da kundin Speech Commands da Google ya fitar a 2017, kuma ana iya horar da shi a kwamfuta marar GPU.

2. Mayar da sauti zuwa siffa guda

A wurin kwamfuta murya jerin lambobi ce kawai. Samfuran da za ka yi amfani da su suna son lambobi 16,000 a kowace daƙiƙa, a layin sauti guda. A irin wannan tsari, idan kowace lamba tana cin bait 2, awa guda ta magana tana cin kusan megabait 115, kuma wannan zai taimake ka wajen lissafin ajiya da kuɗin data. Saƙon murya na WhatsApp yakan zo a matse cikin tsarin Opus, naɗin waya kuma yakan zo da lambobi 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa. Ka mayar da kowane fayil zuwa siffa guda da wannan umarni:

ffmpeg -i shigo.ogg -ar 16000 -ac 1 fito.wav

Gargaɗi: idan ka ba samfuri sauti mai 44,100 alhali yana zaton 16,000 ne, sau da yawa ba zai nuna maka wani kuskure ba. Zai ji maganar a ja, kamar an rage mata gudu kusan sau uku, ya fitar da shirme, kai kuma ka ɗora laifin a kan samfurin. Duk lokacin da sakamako ya lalace gaba ɗaya, wannan ne abin da za ka fara dubawa.

3. Haɗa ma'auni, sannan ka gwada abin da ke akwai

Kafin ka horar da komai, ka tanadi abin da za ka riƙa aunawa da shi. Ka naɗi magana ta minti 30 zuwa awa guda daga ainihin irin mutanen da za su yi amfani da manhajar, maza da mata, manya da matasa, a irin wurin da za su yi amfani da ita. Ka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace tsakanin daƙiƙa 5 zuwa 25, ka rubuta abin da aka faɗa a kowace da hannunka. Wannan shi ne kundin gwaji, kuma ba za a taɓa saka shi cikin horarwa ba.

Daga nan sai ka gwada samfuran da ake da su. Whisper, wanda OpenAI ya fitar a Satumban 2022 bayan horar da shi da awa 680,000 na sauti, yana da Hausa a jerin harsunansa:

whisper fito.wav --model small --language ha

Kada ranka ya ɓaci da abin da za ka gani. Kason Hausa a cikin waɗancan awoyi ƙanƙane ne, saboda haka Whisper da ba a ƙara wa horo ba yana tafka kuskure mai yawa a Hausa, wani lokaci ma ya rubuta abin da ya yi kama da wani harshe. Ka gwada kuma MMS na kamfanin Meta, wanda ya fito a 2023 da harsuna fiye da 1,100. Ana ɗauko shi daga Hugging Face da sunan facebook/mms-1b-all, a zaɓi Hausa da alamar hau. Sai dai ka lura da lasisi: na Whisper ya yarda a yi kasuwanci da shi, na MMS bai yarda ba.

Ma'aunin da kowa ke amfani da shi shi ne WER, wato yawan kuskuren kalma. Ana haɗa kalmomin da aka musanya, da waɗanda aka tsallake, da waɗanda aka ƙara, a raba da adadin kalmomin asali. Idan an ce “yara sun tafi makaranta da safe”, na'ura ta rubuta “yaro sun tafi makaranta safe”, an musanya guda an tsallake guda, kuskure biyu ke nan cikin kalma shida, wato kashi 33 cikin ɗari. Adadin yana iya wuce ɗari idan na'ura ta ƙara kalmomi da yawa. Ka rubuta sakamakon kowane samfuri ka ajiye, domin da shi za ka san ko horonka ya yi amfani.

4. Tara muryar horarwa

Akwai kundaye na kyauta da za ka fara da su. Common Voice na Mozilla yana da sashen Hausa da masu sa kai suka karanta, kuma an sake shi ga kowa kyauta. FLEURS na Google yana da Hausa a cikin harsunansa 102, kimanin awa goma sha wani abu ga kowane harshe. NaijaVoices ya tara ɗaruruwan awoyi na Hausa da Yarabanci da Igbo daga dubban masu magana. Akwai kuma BibleTTS, mai tsabtar sauti ƙwarai, amma karatun littafin addini ne a ɗakin naɗi, don haka salon maganarsa ya yi nisa da hirar yau da kullum. Ka karanta lasisin kowanne kafin ka sauke shi.

Dukan waɗannan kusan karatu ne, mutum yana duba rubutu yana faɗa. Mai magana da kansa kuwa yakan yi “eh to”, ya koma baya, ya haɗiye ƙarshen kalma, ya tsoma Turanci idan a Kaduna yake ko Faransanci idan a Maraɗi yake. Saboda haka ko da awa biyar ce ta irin maganar da manhajarka za ta riƙa ji, ka naɗe ta da kanka ka haɗa, domin a ganina ta fi awa hamsin ta karatun da bai shafi fagenka ba. Ka yi tanadin lokaci, domin rubuta awa guda ta magana da hannu yakan ci awoyi da dama ko a wurin wanda ya saba.

Batun karin harshe ma yana nan. Wanda ya horar da samfuri da Kananci zalla zai ga ya rikice idan Basakkwace ya ce “wanga” a maimakon “wannan”, ko “hwari” a maimakon “fari”, haka nan Hausar zangon Kumasi tana da nata lafazi. Ba dole ne ka ɗauki dukan kare-karen ba, amma dole ne ka san wanda ka ɗauka kuma ka faɗa wa masu amfani.

Kada ka naɗi kowa ba da saninsa ba, kuma kada ka kwashi saƙonnin murya na zaurukan WhatsApp ka zuba. Murya bayanin mutum ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafi yadda ake tara bayanan mutane da sarrafa su. Ka yi wa kowa bayani da Hausa, ka karɓi izininsa a rubuce ko a naɗe, ka sa wa fayilolinsa lamba a maimakon suna.

5. Daidaita rubutu

Wannan ne matakin da ya fi kowanne tasiri a aikin Hausa, kuma shi ne wanda 'yan koyo suka fi tsallakewa don ba shi da armashi. Samfuri yana koyon abin da ka nuna masa ne. Idan a wani layi an rubuta “ƙasa”, a wani an rubuta “kasa”, a wani kuma “k'asa”, alhali sautin guda ne, to ka koya masa ruɗani, kuma zai mayar maka da ruɗani. Ka buɗe takarda ka rubuta dokokinka, ka bi su a kowane layi, ka kuma ba duk wanda zai taya ka rubutu.

Abu na farko shi ne haruffa masu lanƙwasa. Rubutun Hausa da yawa a intanet ba ya sa su, amma kai ka sa su, domin “ɓata” da “bata” ba abu guda ba ne, kuma kunne yana jin bambancin. Gyaran ba ya yiwuwa da umarnin musanya na bai-ɗaya, sai mutum ya karanta jimlar. Na biyu, Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar kuma tana rubuta ƴ, don haka ka zaɓi guda ka mayar da komai gare shi. Na uku, alamar hamza da ke cikin “sa'a” da “'ya'ya” tana zuwa da siffofi aƙalla uku a kwamfuta, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya da wata ta musamman, waɗanda ido ke gani kusan iri ɗaya amma lambobinsu na Unicode sun bambanta. Ka mayar da su duka guda.

A nan akwai tarkon da ya kamata a faɗe shi ƙarara. Mai tsabtace rubutun da ke zuwa tare da Whisper, BasicTextNormalizer, yana mayar da alamomin rubutu fili, kuma hamza tana cikinsu. Ke nan “sa'a” za ta koma “sa a”, kalma guda ta zama biyu, lissafin WER ɗinka ya gurɓace. Ka rubuta naka mai tsabtacewar, wanda zai cire aya da waƙafi da alamar tambaya, ya bar hamza.

Na huɗu shi ne rabon kalma, inda marubuta suka fi saɓani: “shi ne” ko “shine”, “yana” ko “ya na”, “a kan” ko “akan”. Ka bi daidaitacciyar ƙa'ida, kuma ka tuna cewa a wasu wurare ma'ana ce ke raba su, kamar “a kan tebur” da “akan yi haka”. Na biyar, lambobi: ka rubuta su da kalmomi yadda aka furta, “dubu biyu da ɗari biyar”, mayar da su alƙaluma kuma ya zama aikin wani ɗan umarni daga baya. Na shida, kalmomin aro: wanda ya zama Hausa ka rubuta shi da Hausa, kamar “asibiti” da “mota”, wanda kuwa mai magana ya faɗa da Turanci tsantsa ka yanke hukunci guda a kansa ka dawwama a kai. Karin sauti da tsawon wasali ba a nuna su a rubutun boko, don haka kada ka wahalar da kanka da sa musu alama.

Bayan an gama, ka sa Python ya fitar maka da jerin dukan haruffan da suka bayyana a kundin tare da adadin kowanne. Duk baƙon harafin da ya ɓuya zai fito a nan.

6. Raba kundi bisa masu magana

Ka ware kimanin kashi 90 cikin ɗari don horarwa, sauran don dubawa a tsakiyar horo, kundin gwajin mataki na uku kuma yana gefe. Rabon ya kasance bisa mutane, ta yadda muryar da ke cikin horarwa ba za ta sake bayyana a dubawa ko gwaji ba, haka ma jimlolin. Wanda ya cakuɗa fayiloli ya raba su da ka zai samu sakamako mai daɗin gani, amma kamar malamin da ya ba ɗalibi takardar jarrabawa tun daren jiya ne: makin ya yi kyau, ilimin babu.

7. Horarwa

Whisper yana da girma-girma, daga tiny mai lambobin ciki miliyan 39, da base mai 74, da small mai 244, da medium mai 769, har large mai kusan biliyan ɗaya da rabi. Ɗan koyo ya tsaya a small, domin yana shiga GPU ɗin kyauta na Colab kuma sakamakonsa yana da ma'ana. A ɗakin karatun transformers za ka ɗauko WhisperProcessor ka gaya masa harshen Hausa ne kuma aikin rubutawa ne ba fassara ba, sannan ka miƙa komai ga Seq2SeqTrainer. Whisper yana sauraren daƙiƙa 30 ne a lokaci guda, saboda haka ka cire ko ka yanka duk gunduwar da ta wuce haka, in ba haka ba, za a datse sautin a bar rubutun cikakke, samfurin ya koyi rubuta abin da bai ji ba.

Saitin farawa mai kyau shi ne saurin koyo 0.00001, gunduwa 16 a kowane taki (taki shi ne duk lokacin da samfuri ya saurari rukunin gunduwa guda ya gyara kansa), taki 500 na ɗumama, inda saurin koyo ke hawa a hankali, jimillar taki 4,000, da kunna fp16, saitin da ke rage cin ma'adanar GPU. Idan ma'adanar GPU ta cika, ka rage gunduwa zuwa 8 ka sa a tara taki biyu kafin a sabunta. Idan har yanzu ba ta isa ba, ka koma base, ko ka yi amfani da dabarar LoRA ta ɗakin karatun peft, wadda ke horar da ɗan ƙaramin sashe kawai ta bar sauran yadda yake.

Kafin doguwar tafiya, ka yi gwajin taki 50 da fayil ɗari don ka tabbatar komai yana gudana har ƙarshe. Ka haɗa Google Drive ka sa a riƙa ajiye samfurin bayan kowane taki 500, domin Colab na kyauta yana katsewa ba sallama, ga kuma ɗaukewar wuta da yankewar intanet. Ka riƙa kallon WER na kundin dubawa. Idan kuskuren horarwa yana ta sauka amma na dubawa ya tsaya ko ya fara hawa, samfurin ya shiga haddar kundin ne, sai ka tsaya ka ɗauki ajiyar da ta fi kyau, ko da ba ita ce ta ƙarshe ba.

8. Auna, sannan ka karanta kurakuran

Ka gudanar da sabon samfurin a kan kundin gwaji, ka kwatanta da alƙaluman mataki na uku, da mai tsabtace rubutu iri ɗaya. Kada ka tsaya a adadi guda. Ka fitar da WER na mata daban, na maza daban, na kowane kari daban, domin matsakaicin adadi yana iya ɓoye cewa manhajar ba ta jin tsofaffi ko kaɗan. Sannan ka jera gunduwa hamsin da suka fi lalacewa, ka saurare su ɗaya bayan ɗaya kana duba rubutun. Za ka tarar wasu kuskuren mai rubutawa ne, wasu sunayen garuruwa ne da samfurin bai taɓa ji ba, wasu kuma hayaniyar janareta ce. Kowanne da maganinsa: na farko gyaran rubutu, na biyu naɗin jimloli masu ɗauke da sunayen, na uku ƙara murya mai irin wannan hayaniya a horarwa.

Whisper yana da wata ɗabi'a ta ƙirƙiro magana idan ya tarar da shiru ko kiɗa, ko ya maƙale yana maimaita jimla guda. Maganinta shi ne a sa mai gano murya, kamar Silero VAD, ya yanke wuraren shiru kafin a miƙa masa sautin.

9. Miƙa ta ga masu amfani

Da layuka kaɗan na Gradio, ɗakin karatun Python na haɗa shafin intanet, za ka samu shafi mai maɓallin naɗi da akwatin rubutu, wanda ya isa gwaji da mutane goma. Idan kana son ta yi aiki a kwamfuta marar GPU, ka sauya samfurin zuwa tsarin faster-whisper ko whisper.cpp, waɗanda ke matse shi ya yi sauƙi da sauri. Bayan matsewar ka sake auna WER, domin wani lokaci inganci yana ɗan raguwa. A wayoyi masu ƙaramin ƙarfi small yakan yi nauyi, don haka ko dai a koma base, ko a tura sautin zuwa saba, wato kwamfuta a intanet da za ta yi aikin, wanda ke nufin kuɗin data ga mai amfani da kuma nauyin kare muryarsa a kanka.

Ka bar akwatin rubutun a buɗe yadda mutum zai iya gyara abin da na'ura ta rubuta, kuma idan ya ba da izini ka ajiye gyaran tare da sautin don horo na gaba. Duk inda rubutun ya ƙunshi kuɗi, ko adadin magani, ko lambar waya, manhajar ta nuna wa mutum abin da ta ji ya tabbatar kafin ta aikata komai, domin “sha biyar” da “hamsin da biyar” ba su da nisa a kunnen samfuri idan farkon maganar ya yanke.